KANUMFARI: DAGA TSIBIRAN MALUKU ZUWA KASUWAR TAMBUWAL

Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, sai na ga sarakuna da yaƙe-yaƙe sun sha rubutu a fitowar baya, don haka na zaɓi wani ɗan ƙaramin abu wanda babu gidan da ba a samunsa tun daga Tambuwal har Kebbe, wato kanumfari. Ina da dalilai biyu. Na farko tsohon bashi ne da nake son in biya, na biyu kuwa wani abu ne da ya faru a gabana kwanan baya, wanda zan kawo shi a ƙarshe.

Waɗanda muka zauna ɗakin kwana ɗaya za su tuna da hunturun shekarar da muke aji uku, lokacin da ciwon haƙori ya hana ni barci kwana biyu, ni ma na hana su. A dare na uku wani abokina ya ja ni zuwa bayan kicin, inda tsohon kukunmu yake jin ɗumi a bakin murhu. Ya dube ni ya ce, "Mi as same ka, ɗana?" Na ce, "Haƙori ne, Baba." Sai ya kwance bakin wani ɗan tsumma, ya ciro ƙwaya biyu ya miƙo mini, ya ce, "Amshi wanga, ka aza shi bisa hauren, ka danne. Kak ka haɗe." Kafin a yi kiran assalatu gefen bakina ya yi dindiris, barci ya ɗauke ni. Bayan mako guda sai da aka cire haƙorin a asibiti, amma alherin wannan dare ban manta da shi ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. A lokacin ban taɓa tambayar kaina daga ina wannan 'yar ƙwaya ta fito ba, balle yadda aka yi ta shiga tsumman kuku a ƙasar Sakkwato.

ASALINSA

Kanumfari ba ya fita a ƙasarmu. Duk wanda ya zaga fadamun Tambuwal da dazuzzukan Kebbe ba zai ga itacensa ba, domin itace ne mai son ruwan sama mai yawa da iskar bakin teku. Abin da muke saye a kasuwa tohon furensa ne, ana tsinke shi tun bai buɗe ba, a shanya a rana har ya yi baƙi-baƙi ya yi kama da 'yar ƙusa. Asalinsa wasu ƙananan tsibirai ne da ake kira Maluku, a gabashin ƙasar Indonesiya ta yanzu, musamman Ternate da Tidore da Makian da Bacan. Shekaru aru-aru duniya ba ta da inda take samunsa sai can.

Tun kimanin shekara dubu biyu da suka wuce ya isa ƙasar Sin, inda aka rubuta cewa a zamanin daular Han fadawa sukan sa shi a baki kafin su yi magana a gaban sarki, domin gyara numfashi. Fataken Indiya da na Larabawa su ne suka kai shi yamma, ta tekun Indiya da Bahar Maliya har Masar. Larabawa suna kiransa ƙaranful, kuma daga wannan kalma ce Bahaushe ya sami kanumfari. Masu jin Suwahili suna cewa karafuu, Yarabawa kuma kanafuru. Sunan kaɗai ya isa ya nuna mana hannun da ya miƙo mana shi.

JININ DA AKA ZUBAR A KANSA

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa abin da yaro yake sayowa a ƙulli ya taɓa haɗa manyan ƙasashe faɗa. A Turai ta wancan zamani kanumfari kayan masu hali ne, kuma Turawa sun gaji da sayensa da tsada ta hannun Larabawa da mutanen Benis. Neman hanyar zuwa tushen kayan yaji yana daga cikin manyan abubuwan da suka fitar da jiragensu cikin teku. Mutanen Fotugal sun isa Ternate a 1512. A cikin jirage biyar da Magellan ya fita da su daga Sifen a 1519, guda ɗaya ne tak ya komo gida a 1522, da mutum 18 a cikinsa, bayan ya kewaye duniya. Kayan da ya ɗauko kuwa kanumfari ne da aka yi masa lodi a Tidore.

Daga baya mutanen Holan suka kafa kamfaninsu na cinikin gabas a 1602, suka ƙwace tsibirin Ambon a 1605. Domin su riƙe farashi a hannunsu, sai suka hana noman kanumfari a ko'ina in ban da Ambon da 'yan tsibiran da ke kusa da shi. Sukan fita da jiragen yaƙi suna sare itatuwan mutane, wanda ya yi gardama a hallaka shi. Haka aka zauna fiye da shekara ɗari, har a 1770 wani Bafaranshe mai suna Pierre Poivre ya sa aka sato irin aka kai tsibirin Morishus. Daga wannan yanki ne ya ƙetara zuwa Zanzibar wajen 1818.

Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar a 1840, shi ya matsa a kan nomansa, har Zanzibar da Pemba suka zama su ne ke ciyar da duniya da kanumfari. Amma kada mu manta da waɗanda suka yi aikin. Bayi ne da aka kamo daga cikin Afirka ta Gabas suka share gonakin, su ne kuma suke hawa itatuwa suna tsinka. A 1872 wata guguwa ta kakkarya mafi yawan itatuwan Zanzibar, sai noman ya fi ƙarfi a Pemba. Ba a soke bauta a dokar tsibiran ba sai a 1897. A yau Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa noman kanumfari, sai dai mafi yawansa a gida yake ƙarewa, cikin wata irin taba sigari tasu da ake kira kretek. Madagaska tana cikin manyan masu fitar da shi waje.

YADDA YA ISO ƘASAR HAUSA

Kafin zuwan Turawa, kanumfari ta Hamada yake zuwa mana a kan raƙuma. Daga Masar da Tarabulus ake ɗauko shi, a biyo ta Gadamas da Gat da Agadas, a sauke a Katsina da Kano. Alhazai ma da suke tafiya a ƙasa sukan yo tsarabarsa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya lissafa kanumfari tare da jawul da lubban a cikin kayan da ake shigowa da su daga arewa.

Akwai wata shaida da ta fi wannan kusa da mu. A watan Maris na 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin kayan gaisuwar da ya gabatar akwai bindigogi da alkyabba da rawuna da madubin hangen nesa, akwai kuma kanumfari da kirfa, laba huɗu-huɗu. Ashe ke nan a wancan lokaci kanumfari abu ne da ake jerawa da alkyabba a kai gaban Sarkin Musulmi ba tare da jin kunya ba. Clapperton ya sake dawowa, kuma a nan Sakkwato ya mutu a 1827.

Yankinmu kuwa ba a gefe yake ba. Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, a kan hanyar da ta haɗa Sakkwato da Jega, ita kuma Jega babbar kasuwa ce a ƙarni na 19, mashigar fataken goro masu zuwa Gwanja. Kayan da suka ƙetaro Hamada da waɗanda suka fito daga kurmi a irin waɗannan kasuwanni suke haɗuwa, daga nan 'yan koli su ɗauka su rarraba a ƙauyuka. Har gobe idan mutum ya tsaya gaban tabarmar ɗan koli ranar kasuwa a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe ko Kuchi, zai ga tarihin a shimfiɗe: kanumfari daga gabas mai nisa, kimba da masoro da citta mai ƙwaya daga kurmi, citta mai yatsu daga kudancin Kaduna wajen Kachiya da Kwoi, sai barkono wanda asalinsa daga nahiyar Amurka ne.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan cinikin Hamada ya durƙushe, kaya suka koma shigowa ta teku a Ikko. Kanumfari ya yi araha, ya sauko daga fada ya shiga ɗakin kowace tsohuwa, har ya kai ga tsumman kukunmu.

MATSAYINSA A MAGANIN GARGAJIYA

Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa iyayenmu suka riƙe kanumfari, sai ya fara gane matsayin sanyi a tunaninsu. A wurin Bahaushe sanyi uban cuta ne. Shi ke kawo mura da majina da tari, shi ke kama gaɓoɓi, shi ke shiga jikin mai jego idan ba a kiyaye ba. Maganin sanyi kuwa abu mai zafi. Wannan tunani ya dace da abin da malamai suka karanta a littattafan ɗibbu na Larabci, inda aka kasa jikin mutum da abinci da magani a kan ɗabi'u huɗu: zafi da sanyi da danshi da bushewa. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, a kan wannan tsari ya gina littafinsa Alƙanun, kuma a wurin masu wannan ilimi kanumfari mai zafi ne, busasshe.

Shugabannin jihadi ba su raina wannan fanni ba. Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai da dama a kan magani, har da wanda ya keɓe ga ciwon basur, ya kuma roƙi Clapperton a aiko masa da likita daga Ingila. Wannan abin lura ne gare mu. Mutumin da ya san maganin gida da na littafi, bai ga aibi ba a neman ƙarin sani daga inda yake.

Ga kaɗan daga cikin yadda muka tashi muka ga ana amfani da shi a gidajenmu. Mai ciwon haƙori a ba shi ƙwaya ɗaya ko biyu ya danne a wurin, ko a daka a sa masa a kogon. Mai warin baki ya tauna. Mai mura da tari a dafa masa shi da citta da masoro, a sa zuma ko tsamiya, ya sha da ɗumi. Mai kumburin ciki ko tashin zuciya a jiƙa masa 'yan ƙwayoyi a ruwa. Ana sa shi a fura da kunu da zoɓo da shayi da yajin kilishi, kuma masu dama fura za su gaya maka cewa yajin ne ke kashe sanyin nono. Mata suna haɗa shi a humra da turaren wuta. Wanda gaɓoɓinsa ke ciwo a lokacin hunturu, akan daka shi a cuɗa da man shanu ko man kaɗanya a shafa masa.

Babban fagensa shi ne jego. Tun ciki yana wata bakwai ko takwas ake fara tanadin itace da kayan yaji, a daka kanumfari da citta da kimba da masoro da barkono a yi yajin jego, wanda mai haihuwa za ta riƙa ci da nama da kunu har ta yi arba'in, tare da wankan ruwan zafi safe da yamma. A nan ya kamata a faɗi gaskiya, ba duk abin da muka gada ne ya tsira daga bincike ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta. Kanwa da zafin da ya wuce kima suka zarga, ba su zargi kanumfari ba, amma darasin ya shafi kowane magani: abin da ake yi don kariya yana iya zama cuta idan ya wuce iyaka.

MAN KANUMFARI

Abin da ke ba kanumfari ƙamshi da yaji wani mai ne da ke cikinsa. Wanda ya danna ƙwaya mai kyau da farce zai ga ɗan maiƙo ya fito. Hanyar fitar da irin wannan mai tsohuwa ce, malaman Musulunci irin su Alkindi, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, sun yi rubutu a kan tatsar turare. Ana zuba kanumfari a tukunya a tura masa tururi, tururin ya kwashi man ya bi ta bututu, a sanyaya shi ya koma ruwa. Da yake man kanumfari ya fi ruwa nauyi, sai ya kwanta a ƙasa a tsiyaye shi.

Masana kimiyya sun gano cewa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na wannan mai wani sinadari ne da suke kira yujinol. Shi ne yake kashe zafin jijiya na ɗan lokaci, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Likitocin haƙori sun daɗe suna kwaɓa shi da wani farin gari na sinadarin zinki suna cike kogon haƙori na wucin gadi, shi ya sa ɗakin likitan haƙori yakan yi ƙamshin kanumfari. Ashe Baba kuku da likitan da ya cire mini haƙori abu ɗaya suke riƙe da shi, da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai kanumfari ciwon yake kwantarwa, ba ya warkar da haƙorin da ya ruɓe.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Kakanninmu da ƙwaya suka yi aiki, ko ruwan jiƙo, ko garin da aka cuɗa da man shanu. Tataccen mai na kwalba baƙo ne a ƙauyukanmu. Kilo ɗaya na kanumfari ba ya ba da mai fiye da giram 150 zuwa 200, ke nan ƙaramin cokalin shayi ɗaya na man ya tattara ƙarfin ɗaruruwan ƙwayoyi. Idan aka ɗiga shi tsagwaronsa yana ƙona dasashi da fata. Likitoci a ƙasashen waje sun rubuta labarin ƙananan yara da suka sha abin da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, hantarsu ta sami mummunan lahani. Yana kuma iya rage daskarewar jini, abin da ya shafi duk mai shan maganin tsinka jini ko wanda za a yi wa tiyata.

Wannan ya kawo ni ga dalili na biyu. A hunturun da ya wuce na je gaisuwa wani ƙauye a ƙasar Kebbe, sai na tarar da gidan a rikice. Wata yarinya, haihuwarta ta fari, ta sayi 'yar kwalbar man kanumfari a wurin masu tallar magani da lasifika ranar kasuwa. Kwalbar ba ta da suna, ba ta da lambar hukumar NAFDAC, ba ta da bayanin yadda ake amfani da ita. Ɗanta yana fitar da haƙori yana kuka, sai ta ɗiga masa a baki har sau uku, domin ta ji ana cewa kanumfari maganin haƙori ne. Bakin yaron ya saluɓe, ya kasa kama nono. Muka ɗauke shi a motata zuwa asibiti, Allah ya sa abin ya tsaya a baki, ya warke bayan kwanaki. A hanya kakar yaron tana ta faɗa tana cewa, "Mu ƙwaya muka sani, wa ya aike ki da na kwalba?" Yarinyar ba ta yi don mugunta ba. Ta gaji sunan maganin ne, ba ta gaji awonsa ba, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, mu da muka zauna aji ɗaya yanzu mun zama kakanni, da yawanmu kuma muna fama da hawan jini ko ciwon sukari, muna shan ƙwayoyi kullum. Ga shi kuma kowace safiya sai an turo mana saƙo ta WhatsApp ko Facebook cewa ruwan kanumfari ko mansa yana warkar da cuta goma sha. Shawarata ita ce mu ci gaba da sa shi a fura da shayi kamar yadda muka saba, mu danne shi a haƙori kafin gari ya waye mu je asibiti. Amma tataccen mai kada a sha shi, kada a ba yaro, kada mai ciki ta yi magani da shi ba da sanin likita ba, a kuma ajiye kwalbar inda hannun yara ba ya kaiwa. Kada wani ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda saƙon waya.

Ina kuma da roƙo ga ƙungiyarmu. A cikinmu akwai likitoci da masu haɗa magunguna da malaman jami'a da ma'aikatan gona. Tsofaffin ungozomomi da wanzamai da 'yan koli da suka san awon waɗannan magunguna suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Me zai hana a taronmu na shekara mai zuwa mu kafa ɗan kwamiti da zai zaga gundumomin Tambuwal da Kebbe, ya zauna da su, ya rubuta abin da suke bayarwa, da yawan da suke bayarwa, da wanda suke hana wa? Daga nan likitocinmu su duba, su tace, a buga ɗan littafi da Hausa a raba wa makarantu da asibitocin karkara. Ni dai na yi alkawarin ba da motata da lokacina.

Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya sa mu ga taro na gaba. Wassalam.